Sharhi: Sawun Jiragen Amurka a Ƙasar Hausa



Idan ma'abota tarihi suka zo lissafa ranakun da Amurka take tinƙaho da su a fagen tafiyar sama, sukan fara ne da 17 ga Disamba, 1903, ranar da wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar kekuna, Orville da Wilbur Wright, suka ɗaga jirginsu a kusa da Kitty Hawk, ya yi sakan 12 a iska, ya ci ƙafa 120, sa'an nan ya dawo ƙasa. Abin da ba kasafai ake ambata ba, alhali kuwa shi ya fi shafarmu, shi ne cewa wani yanki na wannan tarihi a ƙasar Hausa aka yi shi.

Jiragen da suka fara sauka Kano a shekarar 1925 na sojan Ingila ne, guda uku, daga Masar suka taso. Amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, tekun Bahar Rum ya zama wurin halaka ga jiragen ruwa, sai hanyar kai ɗauki ga rundunonin da ke Masar ta koma ta kanmu: ana sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su tashi zuwa Ikko, su ya da zango a Kano da Maiduguri, su wuce Khartum har Alƙahira. A shekarar 1941 kamfanin Pan American ya shigo wannan aiki da matuƙansa da makanikansa, daga baya sojan saman Amurka suka karɓa, har filin jirgin Kano ya zama mashigar da ba a iya kauce mata.

Bayan samun mulkin kai, a watan Yuli na 1961, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba Kennedy, ya kuma yi jawabi a majalisar wakilan Amurka. A wannan zamani ne hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, yayin da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, har sau uku, sa'ad da ya ratso samaniyarmu ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Wato hazon hunturun nan da ke hana manomin Gulma a ƙasar Kabi ganin ƙarshen fadamarsa, shi ne ya shiga kundin tarihin sararin samaniya.

Haƙiƙa mun ci moriyar wannan hikima da Allah ya sanar da ɗan Adam. Kakanninmu na ƙasar Kabi, idan suka yi niyyar sauke farali, sukan yi sallama da iyali kamar ba za a sake ganawa ba, su bi ta Barno da Sudan a ƙasa, suna tafe suna ƙwadago, wasu su shekara da shekaru, wasu kuma a can rai ya yi halinsa. Yau maniyyaci daga Gulma ko Argungu yakan hau jirgi a filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kafin yini ya ƙare yana Ƙasa Mai Tsarki.

Sai dai izinar da ke cikin al'amarin ita ce, a duk waɗannan ranaku mu masaukin baƙi ne kawai. Fili namu, ilmi da injin na wasu. Al'ummar da ta wadatu da zama zango, ba ta da ta cewa a kan inda ayari zai nufa. Tun 1964 akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai da masu hannu da shuni na masarautun Gwandu da Argungu, su ƙarfafa wa yara maza da mata gwiwa a kan lissafi da kimiyya, su ɗauki nauyin masu hazaƙa, domin neman ilmi mai amfani wajibi ne, kuma ba a gadonsa sai an nema.