Kundin Gayya: Kafin Makaranta Ta Sayi Uwar-Garke

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibin Dutsin-Ma ko Kurfi da ke neman shiga jami'a ya zama tilas ya zauna gaban allo. Sai dai allon da yake kallo ba shi ne mai gida ba. A wani lungu na ɗakin akwai babbar kwamfuta guda, wadda ake kira uwar-garke, ita ke raba tambayoyi ga sauran, ita ke karɓar amsoshi. In ta tsaya, ɗakin gaba ɗaya ya tsaya.

Uwar-garke tana aiki ne da babbar manhaja, alal misali Windows Server, ko FreeBSD, ko ɗaya daga cikin dangin Linux irin su Debian da Ubuntu. Ita kuwa babbar manhaja ba ta iya magana da kowane sashe na kwamfuta, kamar katin sadarwa ko na'urar sarrafa faifan ajiya, sai ta hanyar wata ƙaramar manhaja da ake ce wa direba. Idan babu direban da ya dace, sashen yana nan lafiya lau, wuta na shigarsa, amma tamkar babu shi. A ɗauka wata makaranta ta haɗa kuɗin iyayen yara, ta aika Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja aka sayo mata tokunbo, aka ɗora manhaja, sai katin sadarwa ya ƙi motsi. Mai kanti ba zai karɓi kayan ba, domin a wurinsa ba su lalace ba, kuma da gaskiyarsa.

Manyan kamfanoni irin su Microsoft da Red Hat suna da jerin na'urorin da suka gwada suka amince da su. Jerin yana da inganci, amma ya fi karkata ga sababbin kaya masu tsada, ba irin waɗanda makarantar karkara za ta iya saya ba. Wannan giɓi ne masu amfani da manhajojin suka daɗe suna cikewa da kansu. Bayan da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da Linux a 1991, 'yan sa-kai suka shiga rubuta abin da ya yi aiki a kwamfutocinsu da abin da ya ƙi, har ya zama kundi. Masu OpenBSD har yau suna roƙon duk wanda ya ɗora manhajarsu da ya aika musu da rahoton da kwamfutar ke fitarwa yayin tashi. Akwai kuma wata manhaja mai suna hw-probe da ke tattara irin wannan bayani ta zuba shi a rumbu ɗaya. Gayya ce dai irin wadda Bahaushe ya sani a gona.

Ɗalibin ilmin halittu zai fi kowa saurin gane muhimmancin wannan aiki, domin matsalar suna ce. Itaciya guda wasu na ce mata darbejiya, wasu bedi, wasu dogon yaro, wasu maina, amma masana sun san ta da suna ɗaya tak, Azadirachta indica, bisa tsarin suna biyu da Linnaeus ya kafa a 1753. Haka kayan kwamfuta suke. Sunan da ke jikin kwali na kasuwa ne kawai. Kamfanoni goma na iya sayar da ƙwayar lantarki iri ɗaya da sunaye goma. Abin da ya fi wannan muni shi ne, kamfani kan sauya ƙwayar da ke ciki ya bar sunan waje yadda yake, sai na bara ya yi aiki, na bana ya ƙi. Amma kowace na'ura irin wannan tana ɗauke da lamba biyu, ta maƙerinta da tata. Lambar Intel ita ce 8086, ta Realtek kuwa 10ec. A Linux, umarnin lspci -nn kan baje su a allo cikin daƙiƙa guda, kuma ana iya tayar da Linux ɗin daga filashi a cikin kanti ba tare da an taɓa faifan ajiya ba. Wanda ya je sayayya da filashi a aljihu ya fi wanda ya je da sunan kwali.

Kundin gayya yana da aibinsa, bai kamata a ɓoye ba. Mutane sun fi son ba da labarin nasara, wanda abin ya ƙi masa yakan yi shiru. Wani bayanin ya tsufa, direban da babu shi jiya an rubuta shi yau. Wani kuwa "yana aiki" kurum ya rubuta, bai faɗi wane zubin manhaja ba ne. A ma'ajiyar busassun tsirrai, samfurin da ba a rubuta inda aka tsinko shi da ranar da aka tsinko shi ba kusan ba shi da amfani ga bincike. Wannan ƙa'ida ya kamata a bi a nan: lamba, zubin manhaja, kwanan wata, da abin da aka gwada.

Abin takaici shi ne, akasarin masu cika waɗannan kundaye suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ƙurar hunturu ba ta toshe fanka. Ba su ne za su faɗi wace na'ura ce ke jure zafin Afrilu a Katsina ba, ko sauyi tsakanin janareta da sola. Ga shi kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka ana iya sa ran ƙarin tsofaffin kaya a kasuwanni. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga makarantun sakandare birjik har zuwa Kurfi. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta za ta iya buɗe littafi mai layi biyar: sunan na'ura, lambarta, manhajar da aka ɗora, ranar gwaji, da sakamako, har da na wadda ta ƙi. A ƙarshen zango malamai su haɗa littattafan, ɗaliban sashen kwamfuta na jami'a su tantance, sannan a aika da su babban rumbu.