Fuska Ba Ta Magana Da Harshe Ɗaya

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ce kowa ya iya tambayar ba.

Tun 1872 Charles Darwin ya yi hasashen cewa yanayin fuska gado ne na 'yan Adam baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 Paul Ekman na Amurka ya je wurin ƙabilar Fore a Papua New Guinea, ya gwada su da hotuna, ya kafa ra'ayin cewa yanayi shida kowa ya san su: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1983 shi da abokan aikinsa suka ƙara da hujjar jiki: fushi da tsoro duk suna ƙara bugun zuciya, amma yatsun mai fushi sun fi ɗaukar zafi. Ba na musun wannan. Mu ma cewa muke zuciya ta tafasa.

Inda nake da ja, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne hanyar gwajin. Ana ba mutum ɗan labari, a ce ya zaɓi hoto ɗaya cikin biyu ko uku. Wanda aka taƙaita wa zaɓi ai an yi masa rabin amsa. A 2014 Maria Gendron da Lisa Feldman Barrett suka bar mutanen Himba na Namibiya su rarraba hotuna yadda suka ga dama, sai rabon ya ƙi fitowa gida shida ɗin nan. A 2016 kuma aka tarar mazauna tsibiran Trobriand suna ɗaukar zare ido da wangale baki, abin da Turawa ke kira tsoro, a matsayin barazana.

Mai karatu ya dubi gida. Uwar da ke ɗaure fuska in ana yabon ɗanta na fari ba ƙinsa take ba, kunya ce. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban malaminsa ladabi yake yi, amma a wata ƙasar sai a ce rashin gaskiya ne.

Abin da ya dame ni shi ne manhajojin kwamfuta da ake tallatawa, wai suna karanta zuciya daga fuska. Kamfanin Microsoft ya janye irin tasa a 2022, Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2024 da ta hana amfani da su a makarantu da wuraren aiki. Kayan da aka kora daga wata kasuwa sukan nemi tamu. Duk hukumar da aka kawo wa tallarsu don tantance masu neman aiki, ta fara tambayar da fuskokin su wa aka horar da na'urar.