Nakiyar dabino: zaƙin ya ragu, amma ba magani ba ce

Uwargida, Sallah ta ƙarato, kuma na san a Zungeru shinkafa ba ta yi miki wuya, tunda a fadamun Kogin Kaduna ake nomanta. To bana ki gwada sabuwar nakiya.

Dabarar daga Sin na aro ta. Suna da wani kek da suke ci a bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga watan takwas na kalandarsu. Na gargajiyar gasa shi ake yi, ga mai ga sukari. Daga baya a Hong Kong aka ɓullo da wanda ba a gasawa: ɓawo na garin shinkafa, zaƙin kuma a ciki. Nakiyarmu ma za ta karɓi wannan tsari.

Ki soya garin shinkafa kofi 2 da citta da kanumfari kamar yadda kika saba. Ki raba sukarin da kike sawa gida biyu ki ajiye rabi, man ma ki rage. Ki cire ƙwallon dabino kamar 15, ki jiƙa a ruwan zafi, ki kirɓa da soyayyar gyada. Sai ki faɗaɗa nakiya a tafin hannu, ki sa ɗan curin dabino a tsakiya, ki rufe. Kada ko wanne ya wuce girman goro. Gyadar kuma a tsince ta da kyau, a zubar da mai funfuna, domin tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Ga inda aikina ya shigo. Kusan kashi biyu cikin uku na busasshen dabino sukari ne. Zuma da mazarƙwaila ma ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin sukarin da babba zai sha a yini kada ya kai giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, har da na shayi da lemo.

Saboda haka idan maigida ko Hajiya na da ciwon suga, ɗaya ya isa, kuma bayan abinci. Kada ki bari su ninka maganinsu wai don su ci alkaki da dubulan. Ninka glibenclamide kan zubar da suga har mutum ya suma.

Wannan nakiyar tana da danshi, ba za ta yi watanni kamar ta gara ba. Idan wutar unguwarku ba ta zama, ki yi wadda za a cinye cikin kwana biyu.