Cunkoson Sallah A Kontagora: Bin Dare Ba Magani Ba Ne

'Yan uwa, ga shi Sallah ta sake ƙaratowa, kuma kamar yadda aka saba da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan Kontagora sun fara ɗaure kaya domin zuwa gida, wasu Sakkwato, wasu Birnin Kebbi ko Argungu, wasu kuwa Katsina da Kano. A irin wannan lokaci babu hirar da ta fi yawa a majalisunmu kamar ta hanya: yaushe za a tashi, ta ina za a bi, kuma yaya za a yi a kauce wa cunkoson motoci. Shawarar da muka fi ji a bakin matasanmu da wasu direbobi ita ce wai a bari sai bayan Isha'i, in hanya ta yi sarari sai a taka mota a wayi gari a gida. Mu dai ba mu yarda da wannan shawara ba, kuma za mu faɗi dalili.

Da farko ya kamata mu san inda cunkoson ya samo asali. Kontagora tana kan babbar hanyar nan da ake kira A1, wadda ta taso daga Legas ta bi ta Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa, ta ratsa garin nan ta nufi Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal har Sakkwato, ta zarce Illela a bakin iyakar Nijar. A ɓangarenmu hanyar falle ɗaya ce, wato hannu ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa, kuma a kanta tankar mai da tirelar siminti da motar albasa da ta shanu suke bi tare da ƙananan motoci. Ana gab da Babbar Sallah abin sai ya ninka, domin raguna suna gangarawa Kudu a daidai lokacin da 'yan uwanmu na Sabon Ibadan da Shagamu da Agege suke haurowa Arewa. Duk wannan taro ta tsakiyar gari zai wuce. To, a ƙara da abin da garin kansa yake zubowa kan titi tsakanin La'asar da Magariba, lokacin da 'yan kasuwa ke tashi, ma'aikata da ɗalibai ke komawa gida, 'yan acaba da masu Keke Napep kuma kowa yana neman na cefane. A wannan tsakani tirela ɗaya tak ta lalace a kan kwalta ta isa ta tsayar da kowa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: mu ma muna da hannu a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gosulo ya san yadda abin yake farawa. Layi yana tafiya a hankali, sai wani mai gaggawa ya fita ya hau hannun da ba nasa ba, kafin ka ce kwabo mota goma sun bi shi. Su ma na ɗaya ɓangaren haka suka yi. Sai a haɗu goshi da goshi, ba gaba ba baya, tsaikon da bai kamata ya wuce minti ashirin ba ya koma na sa'o'i, ga yara suna kuka, ga lagireto yana tafasa, ga mai yana ƙonewa a banza. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da lita ɗaya take nufi a aljihun talaka. Abin takaici, fasinjoji ne kan zuga direba da cewa wai bai iya ba, dubi sauran sun wuce. Haka nan wasu daga cikin 'ya'yan wannan ƙungiya masu sayar da nama, lemo ko burodi kan matso da teburansu har bakin kwalta saboda cinikin Sallah. Ba mu hana kowa neman halalinsa ba, amma taku biyar baya ba ya rage ciniki.

To, me ya sa muka ce kada a bi dare alhali kuwa da dare hanyar ta fi sarari? Sararin nan shi ne tarkon. Direban da ya yini yana jiran lodi a tasha, ya tashi da ƙarfe tara na dare da goro da kofi a cikinsa, ba ya ganin rami sai ya faɗa, ba ya ganin tirelar da ta mutu ba fitila, wadda ganye kawai aka jera a bayanta, sai ya zo dab da ita. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyen Takalafiya cikin ƙaramar hukumar Magama a watan Nuwamban 2023 ba, inda wata tirela da ta taso daga Sakkwato ɗauke da kaya da mutane sama da 200 ta kife a kan hanyar Yawuri, aka yi asarar rayuka, da yawa kuma suka jikkata. Ga kuma batun tsaro. A shekarar 2021 kaɗai an kwashe ɗaliban Islamiyya a Tegina cikin watan Mayu, aka kuma kwashe na kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yawuri cikin watan Yuni, kuma duka garuruwan biyu suna yankin da hanyoyinmu na zuwa gida suka ratsa. Wanda motarsa ta lalace da rana tsaka zai sami bakanike da mai taimako. Wanda tasa ta mutu da ƙarfe biyu na dare a dokar daji da mata da yara a ciki fa, wa zai kira?

Abin da muke gani ya fi shi ne a sauya lissafi. Yawancinmu lokacin tashi muke dubawa, alhali lokacin da za a ratsa manyan garuruwa shi ne abin dubawa. Mai zuwa Sakkwato ko Kebbi ya yi lodinsa da sayen mai tun jiya, ya tashi da zarar gari ya waye bayan Asuba, ya fita daga Kontagora kafin kasuwa ta buɗe, da yardar Allah zai isa da sauran rana ko da an sami tsaiko a hanya. Mai zuwa Kano ko Katsina wanda ya zaɓi zagayawa ta Minna da Suleja don gudun hanyar Birnin Gwari, shi ya fi kowa bukatar sammako, domin tafiyarsa ta ƙaru. Wanda duk yake da hali ya tafi da kwana uku ko huɗu kafin Sallah, kada ya jira jajibere. Baƙinmu masu tasowa daga Kudu kuwa, in La'asar ta riske su a nan, su sauka su kwana. Gidajenmu a buɗe suke, kuma wannan na daga cikin amfanin zaman ƙungiya.

A kuma riƙa tambayar labarin hanya kafin a tashi, musamman da damina. Gadar Tatabu da ke tsakanin Jebba da Mokwa ta karye a watan Yunin 2017, motoci suka yi ta dogon zagaye. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta hallaka mutane sama da 150, ta kuma lalata hanya, saura kusan mako guda a yi Babbar Sallah. Waya ɗaya zuwa ga wani direba da ya biyo hanyar a ranar ta fi duk wani hasashe. A riƙe ruwan sha da abincin yara da maganin masu lalura a kusa da hannu, ba can ƙarƙashin kaya a but ba. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ita ce 122.

Wannan bai sauke nauyi daga kan hukuma ba. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a ƙasar nan, kuma hanyar da ta toshe rabin yini tauye wannan 'yanci ce ko da ba wanda ya rubuta hakan a takarda. Ba ma adawa da binciken tsaro na gaskiya, mu ne ma muka fi kowa bukatarsa. Amma shingen da ba ya duba komai sai hannun yaron mota, ko wanda wasu ke kafawa da katako mai ƙusoshi suna sayar da rasit, ƙarin cunkoso ne kawai. Tun a 1998 dokar haraji ta tarayya ta hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, kuma a 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Abubakar, ya ba da umarnin a janye shingayen da ke kan manyan hanyoyi. Ke nan ba sabon abu muke roƙo ba.

Don haka muna kira ga hukumar FRSC da ƙaramar hukumar Kontagora da shugabannin ƙungiyoyin NURTW da NARTO su zauna tun yanzu su tsara makon Sallah: a ajiye motar janwe a kusa domin ɗauke duk tirelar da ta mutu a kan kwalta, a ware wa manyan motoci fili a wajen gari inda za su dakata tsakanin La'asar da Magariba, a kuma sa jami'ai a mahaɗar hanyoyin da ke cikin gari a waɗannan sa'o'i. Gwamnatin tarayya kuma ta dubi hanyar Makera zuwa Kontagora zuwa Yawuri da idon rahama, tare da tunanin hanyar da za ta kewaye gari. A namu ɓangaren, muna roƙon wakilan unguwanni su tattara sunayen masu ɗakin saukar baƙi da na masu tafiya gari ɗaya, domin a haɗa su su tashi tare da safe, su kuma kawo wa sakatare kafin taro mai zuwa.