Abin da ɓera ya koya mana game da makonnin farko na ciki

'Yar uwa, idan mai ba da magani ya tambaye ki yaushe rabonki da al'ada, kada ki ɗauka bin diddigi ne. Dalilin tambayar yana da tushe, kuma a jikin ɓera aka gano wani ɓangarensa.

Cikin ɓera bai wuce kwana 21 ba, shi ya sa masu bincike ke iya bin ginuwar ɗan tayinsa rana-rana. Sun ga cewa jijiyoyin jini ba sa tsirowa kara zube. Duk sashen da iskar oksijin ta yi wa ƙaranci yakan fitar da wani sinadari, VEGF, tamkar kiran a kawo ɗauki. Ƙwayar halittar da ke bakin jijiya mafi kusa sai ta amsa, ta miƙa 'yan yatsu wajen da kiran ke fitowa. Nan take kuma ta aika wa maƙwabtanta saƙo cewa su biyo bayanta, kada kowa ya ce shi ne jagora. Idan wannan saƙon ya lalace, jijiyoyi su yi ta tsirowa birjik, a cukurkuɗe, jini bai gudana sosai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne awon. A 1996, masana a Beljiyam da Amurka suka cire ɗaya kacal daga cikin ƙwayoyin gado biyu da ke samar da VEGF. Ɗayar tana nan lafiya lau, amma 'yan tayin suka mutu wajen kwana na 11 zuwa 12.

A jikin mutum, zuciyar ɗan tayi na fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, wato kusan mako guda da ɓatan wata. Mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba a lokacin.

Akwai magungunan da aikinsu shi ne toshe wannan kiran, kamar Avastin da ake ba masu ciwon daji, har ana yin allurarsa a ido ga wasu masu ciwon suga. Talidomaid ma yana hana sababbin jijiyoyi tsirowa. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa. Shi kuwa bai nakasa gaɓoɓin 'ya'yan ɓera ba, don haka gwajin ɓera kaɗai ba ya wanke magani.

Idan wata ya ɓata miki, ko kina neman haihuwa, faɗa wa likita ko mai magani kafin ki karɓi komai, har da na gargajiya. Wanda kuma likita ya ɗora ki a kansa, na hawan jini ko farfaɗiya, kada ki daina da kanki. Je ki da kwalinsa asibiti a duba.