Ɗan Boko a Ƙarƙashin Marsandi

Akwai wata Marsandi ƙirar 230E, ta shekarar 1983, da ta yi shekara huɗu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, kaji na kwana a ƙarƙashinta, yara na sukuwa a bayanta. Ta Baffana ce, Allah Ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado babu magajin da ya miƙa mata hannu, domin kowa ya san abin da ake faɗa game da irinta, wai samunta ba wuya, riƙonta ne aiki. Ni da ko keke ba ni da shi na ce in ba mai so a ba ni. Magada suka yi dariya suka bar mini. A lokacin nan ban san bambancin fulogi da fiyus ba. Yau wata 18 ke nan, motar tana tashi tana tafiya, kuma ra'ayin da na fito da shi daga ƙarƙashinta shi nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. A ganina duk wanda tsohuwar motar alfarma ta faɗo hannunsa, in dai ba attajiri ba ne, to wajibinsa ne ya koyi kula da ita da hannunsa. In kuwa ya san ba zai iya ba, gara ya sayar tun tana da sauran daraja.

Bari in fara da ita motar. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fito da wannan jeri, wanda ya laƙaba wa lamba W123, a 1976, bai daina ƙera shi ba sai farkon 1986, bayan an yi wajen guda miliyan 2.7. Irinsu masu shan gas sun shafe shekaru aru-aru suna aikin tasi tsakanin garuruwan Maroko. Mota ce da aka yi don ta daɗe, amma bisa sharaɗi, watau a bi ƙa'idar kulawar da maƙeranta suka shimfiɗa, a canja abu idan lokacinsa ya yi ko da bai lalace ba. Har murfin injinta an yi shi yadda zai miƙe tsaye cak, don mai gyara ya sami sarari. Babu kwamfutar da za a jona mata ta faɗi ciwonta kamar motocin yanzu. Ido da kunne da hanci su ne na'urar bincikenta, kuma wannan ne ya sa ta dace da ɗan koyo.

To, me ke kashe irin waɗannan motoci a ƙasarmu? Ba tsufa ba ne. Mai ita na farko babban mutum ne, garejin kamfani yake kai ta. Na biyu yana da bakanikensa amintacce. Kafin ta iso hannun na uku ko na huɗu, farashinta ya faɗi, amma farashin kayanta yana nan inda yake, daga nan sai ta shiga mulkin wata kalma guda, watau "lallaɓa". Ɗaliban harshe sun san ma'anarta ta asali tausasawa ce, kamar yadda ake lallaɓa jinjiri ko majinyaci. A gareji kuwa ma'anarta ita ce a rufe bakin matsala na mako biyu. Mai mota ne ke fara furta ta, "Malam, a lallaɓa mini, ba kuɗi yanzu", bakanike kuma ya yi abin da aka ce.

Na ga sawun wannan lallaɓawa a jikin motar Baffa wuri uku. Na farko, an cire mata tamosta, wato 'yar ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumin da ya kamata kafin ta sake shi zuwa lagireto. Cire ta al'ada ce ruwan dare a nan, hujjar kuwa wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, a wannan inji tamostar aiki biyu take yi. Idan ta buɗe hanyar lagireto, sai ta toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya komo cikin inji. In babu ita, gajeriyar hanyar tana nan a buɗe, wani kaso na ruwan ya yi ta zagaye bai je inda zai huce ba. Ga shi kuma da safiyar hunturu injin ba ya saurin ɗumi, sai ya yi ta shan mai. Na biyu, ruwan rijiya zalla ake zuba mata, alhali kan injin, wanda kanikawa ke kira tof silinda, na alminiyam ne, ruwa marar maganin tsatsa yana cinsa a hankali. Na uku ya fi ba ni tsoro. A akwatin fiyus na tarar da biyu an naɗe su da takardar azurfa ta kwalin taba. Shi fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin waya, har launi aka ba kowanne, fari na amfiya 8, ja na 16, shuɗi na 25. Wanda ya naɗe shi ya zaɓi motar ta ƙone a madadin fiyus ke nan. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da gyaransa ya gagari ɗan koyo, kuma babu wanda mai mota zai yarda a yi masa da ya san ma'anarsa.

Yadda na fara ba abin alfahari ba ne. Watan farko ban kwance noti ko ɗaya ba. Na wanke injin, na samo littafin gyaranta a intanet, na riƙa kallon hoto ina neman abin a jikin motar. Sa'an nan na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe in duba inda ya ɗiga da launin abin da ya ɗiga, tun da mai ɗaki shi ya kamata ya san inda yake masa yoyo. Bayan haka na yi juyen farko, inda na gane galan ɗaya na lita 4 bai cika injin ba sai an ƙara, kuma ana canja 'yar wasar da ke bakin notin magudana duk juye. Ranar da na zo canjin fulogi kuwa, garaje ya sa na fizge wayoyin huɗu gaba ɗaya. Da na mayar, motar ta yi ta tari tana harbi ta salansa har maƙwabta suka leƙo. Kwana biyu ina zargin fulogin da na saya, kafin in karanta cewa wuta tana bin silinda ne bisa tsarin 1, 3, 4, 2, ni kuwa na sarƙe biyu. Tun ran nan ba na cire komai sai na ɗauki hotonsa da waya, kuma ɗaya bayan ɗaya nake yi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kowa ya sayi safana ya far wa motarsa ko ta ina. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuma yana iya zama ajali. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne, ba a shiga ƙarƙashinta a kansa sai an tokare ta da abin da ba ya gocewa, musamman tsohuwa wadda ramukan jak ɗinta tsatsa ta ci. Sifirin ɗin ƙafafun gaba na wannan ƙira a matse yake da ƙarfin da zai iya karya mutum in ya kuɓuce, don haka ban taɓa shi ba, ba kuma zan taɓa ba. Birki na canja mansa, domin yana shan laima yana lalacewa ko motar na ajiye, amma a gaban wanda ya iya na yi. Haka nan na'urar rarraba fetur ta Bosch da ke kan injin, wadda tsohon mai ya daskare a ciki. Mutum uku sun ba ni shawarar a tuge ta a ɗora kafireto, kamar yadda aka yi wa Marsandi da yawa a garin nan. Na ƙi, na yi ta cigiya har aka kwatanta mini wani dattijon bakanike da ya wanke ta. Da ban yi karatun ba, da na bi shawarar farko ina godiya.

Wannan ya kawo ni ga sukar da wani abokina ya yi mini, cewa ina neman toshe wa kanikawa hanyar abinci. Ban yarda ba. Dattijon nan da bakinsa ya nuna ya fi son mai motar da zai ce masa ƙarar tana fitowa ne daga hagu idan an taka birki, a kan wanda zai ajiye makulli ya ce "tana wani abu". Aikin da na karɓe juye ne da fulogi da fanbel da fiyus, wanda ko a gareji yara ake bar wa. Babban aiki yana nan nasu. Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta zube daga baya, riƙon mota mai inji lita 2.3 ya zama ɗawainiya, kayan gyaranta na asali kuma sun yi tsada ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Fanteka ta Kaduna. Wannan gaskiya ne, ba na fita da ita kullum. Sai dai tsadar hujja ce a gare ni, don wanda ba shi da kuɗin sabon tof silinda shi ya fi kowa bukatar sanin abin da ke cinye tsohon.

Suka ta uku ba a faɗinta da baki, da ido ake yinta. Ranar da wani ɗan ajinmu ya same ni kwance a ƙasa, baƙin mai har gwiwar hannu, sallamarsa ma a ciki ta maƙale. Mun gaji wani tunani cewa boko hanyar tsira ce daga aikin hannu, Marsandi kuma alamar an tsira, saboda haka haɗa su biyun da datti kamar saɓo ne. Ni dai ban ga abin da tsugunno gaban lagireto ya rage mini a nazarin nahawu ba.

Hasali ma ƙari na samu. A gareji na ji Hausar da ba mu nazarta a aji. Ga aro da aka yi wa gyaran fuska har ya zama ɗan gida, irin su lagireto da totur da shokozoba da kuloci, ga kuma kalmominmu na gado da aka ɗora wa sabon kaya, mota tana "shan mai", inji ya "buga", taya ta yi "sanƙo", batir ya "mutu". Ilimin yana bakin kanikawa da Hausa, ƙa'idar tana cikin littafi da Turanci ko Jamusanci, mai mota yana tsakiya bai kama ko ɗaya ba. Ina roƙon malamanmu na wannan sashe su ba wani daga cikinmu damar ya rubuta kundin digirinsa a kan kalmomin gareji, wani kuma ya gina ɗan littafin kula da mota da Hausa a kansu. Na fara tara nawa a bayan littafin da nake rubuta ranakun juye, kalma a dama, abin da take nufi a hagu.

Abin da ya rage mini yanzu makullan ƙofofi ne. Da zuƙar iska suke aiki, ta waɗansu siraran tiyo da suka bi ƙarƙashin dardumar motar, kuma wani wuri yana shan iska, don ƙofar baya ta hagu ba ta kulluwa sai da hannu. Na ɗaga darduma ta gaba ban ga komai ba. Ta baya sai an gama jarrabawa.