Daga Bagazam Zuwa Alƙalawa: Turbar Da Ta Cancanci A Taka

Duk wanda ya tashi daga Isa ya nufi Sabon Birni, in ya ɗaga kai ya dubi gabas da yamma, babu abin da zai tare masa gani sai gawo da kuka da goriba, sai kuwa jigawa nan da can. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ta fadama da gulbi, inda ruwan Bunsuru da na Gagare suke gangarowa su tarar da Rima. Saboda haka idan aka kawo wa Bagobirin yau labarin mutanen Turai masu ɗaukar sanda da jaka su yi kwana da kwanaki suna ratsa tsaunuka don nishaɗi, abin da zai fara cewa shi ne, wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma fa wannan Bagobirin da yake dariya jikan mutanen dutse ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Gobir tana da turbar tsauni tata ta kanta, kuma turbar tana shirin ɓacewa daga zukatan mutane, alhali ɗaliban Hausa suna da abin da za su iya yi a kai tun yanzu.

Ya kamata a fara da abin da Turawan suka yi, domin a san abin ɗauka da abin bari. Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe takwas na Turai, kuma mafi tsawonsu shi ne Mont Blanc, wato Farin Dutse, wanda ya kai kimanin mita 4,800. Ba a san wani ya taka ƙololuwarsa ba sai a shekarar 1786, lokacin da Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka hau. Kafin wannan zamani mutanen wurin tsoron duwatsun suke yi, suna ba da labaran dodanni da ke zaune a cikinsu, kamar dai yadda ake ba da labaran iskokin Dala da na Kufena. Hanyoyin da suka ratsa tsaunukan kuwa ba masu yawon shan iska ne suka fitar da su ba. Makiyaya ne da fatake masu jigilar gishiri da cuku a bayan alfadarai, da masu ziyarar ibada zuwa Rum. Yau akwai turbar da ta kewaye Farin Dutsen, mai tsawon kilomita kusan 170, ta bi ta Faransa da Italiya da Suwizalan, ana yin ta a kwana goma ko sha ɗaya, kuma mafi yawanta tsohuwar hanyar shanu da alfadarai ce.

Abin lura ya fi yawa a Suwizalan. A shekarar 1934 aka kafa ƙungiyar kula da hanyoyin tafiyar ƙasa ta ƙasar, kuma cikin jagororinta akwai wani malamin makaranta, Jakob Ess, wanda ya ga motoci suna neman ƙwace hanya daga hannun masu tafiya da ƙafa. Suka shiga kafa alluna masu launin rawaya a mararraba. Turbar da ta hau dutse aka yi mata alamar fari da ja, mai tsananin wuya kuma fari da shuɗi. A jikin allon ba yawan kilomita ake rubutawa ba, awa nawa tafiyar za ta ci ake rubutawa, wanda ya yi daidai da lissafin Bahaushe na cewa gari kaza tafiyar wuni ce, gari kaza ta hantsi. A 1979 jama'ar ƙasar suka kaɗa ƙuri'a aka sa kare waɗannan hanyoyi cikin tsarin mulki, aka yi masu doka a 1985. Yanzu tsawonsu ya haura kilomita 65,000. Haƙiƙa tsaunin Allah ya ba su, amma turbar su suka rubuta ta, suka yi mata suna, suka hana ta mutuwa. Wannan na biyun shi ne abin koyi, kuma ba ya bukatar ƙanƙara.

To ina tsaunin Gobir yake? Yana Azbin, a arewacin Jamhuriyar Nijar. Masana tarihi sun saɓa game da asalin Gobirawa na can farko da kuma shekarun ƙaurarsu, amma zaman da suka yi a Azbin abu ne da bakin maroƙa da alƙalamin malamai suka haɗu a kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri, haka kuma Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da labarin a bakin mutane lokacin da ya ratsa duwatsun ya shiga Agadas a 1850. Matsin Buzaye ne ya turo su kudu sannu a hankali, suka zauna a Birnin Lalle, wajen Dakwaro ta yau, daga bisani Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alƙalawa a bakin gulbi. Nan Bawa Jangwarzo ya yi zamaninsa, nan kuma Yunfa ya faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga Tsibiri kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni wajen 1860. Idan aka ɗauki taswira aka ja zare daga wannan wuri zuwa wancan, abin da zai fito turba ce mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wadda kanta yake bisa dutse, ƙafarta kuma take cikin fadamar Rima.

Kan turbar ba ya jin kunyar a gwada shi da na kowa wajen kyau. Dutsen Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, shi ne wuri mafi tsawo a Nijar. Samansa fili ne mai sanyi, da ƙauyuka da garake inda ake noman albasa da tafarnuwa da dankali, kuma tun kaka da kakanni da ƙafa da jaki ake hawansa ta wasu ƙananan hanyoyi da suka bi tsakanin duwatsu. A Timiya akwai lambunan lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙin dutse, da ruwa mai zubowa daga bisa ya taru a kwarmi. Akwai kangon Asode, tsohon birnin da ya mutu ya bar bangaye. A yamma da duwatsun, a Dabus, akwai siffar raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita biyar. Hukumar UNESCO ta sa yankin Azbin da Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991, ta ƙara da tsohon garin Agadas a 2013. Turawa sun daɗe da sanin wannan, sun yi ta zuwa suna hawa da 'yan jagora Buzaye, har tawayen shekarun 1990 da na 2007 da sace-sacen baƙi suka tsinke zuwan nasu. Abin takaici shi ne, ɗalibin da ya rubuta kundi sukutum a kan kirarin sarakunan Gobir, sau da yawa bai san Azbin ba sai a sunan doki.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, wane irin zancen yawo ne wannan a ƙasar da manomi ba ya iya zuwa gonarsa? Ba wanda ya manta watan Disamba na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni suka cinna mata wuta, mutum sama da 20 suka ƙone. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Ita kanta iyakar, wadda Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 suka raba Tsibiri da ƙanwarta Sabon Birni, an rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Malamin da zai kwashi ɗalibai ya shiga dajin Isa da su a irin wannan hali ba malami ba ne. Wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai wannan hujja, in aka juya ta, ita ce babbar hujjar gaggawa. Turba ba a ƙasa kaɗai take ba, a kan mutane take. Tsohon da ya yi fatauci da jakai tsakanin Sabon Birni da Maraɗi ya san inda ake ƙetare gulbi da damina da inda ake ƙetarewa da rani. Ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, da tsamiyar da ake yada zango a gindinta, da dalilin da ya sa ake kiran wani tudu da sunan wani mayaƙi. Makiyayi ya san burtali. Tsohuwa ta san kufan da iyayenta suka taso daga cikinsa. Muddin mutanen nan suna zaune a garuruwansu, yaro yana tsintar wannan ilmi ba tare da an zaunar da shi ba, domin kullum yana bin hanyar. Yanzu kuwa ƙauyuka sun watse, tsofaffin suna zaune a Gidan Runji ko a gefen garin Sakkwato, jikokinsu suna tasowa ba su taɓa taka hanyar ba. Ciyawa tana cinye turbar da aka daina bi cikin damina biyu ko uku, sunayen kuwa suna tafiya tare da gawar mai su. Ran da zaman lafiya ya dawo, kuma zai dawo da yardar Allah, za a iya sake gina ɗaki, amma babu magini da zai sake gina sunan rijiya.

Nan ne aikin ya faɗo kan sashen Hausa. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala digiri, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa batutuwan sun fara maimaita kansu: jigo da salo a waƙar wane, jigo da salo a littafin wance. Ba a raina wannan ba. Amma me zai hana a ba ɗalibi ɗan Isa ko ɗan Sabon Birni aikin tattara sunayen wurare na hanya guda ɗaya tak, daga bakin dattawan da suka yi gudun hijira, ya jera su bi da bi kamar yadda matafiyi zai tarar da su, ya faɗi ma'anar kowane suna da labarin da ke bayansa? Wannan nazarin harshe ne, domin karin harshen Gobirci yana nan danƙare cikin sunayen. Nazarin adabin baka ne, nazarin al'ada ne kuma. Kalmomin ayari kaɗai, irin su madugu da jagaba da zango da mangala, sun isa babi guda. Ba ya bukatar shiga daji. Abin da yake bukata shi ne na'urar ɗaukar magana, da goro, da ladabin zama gaban manya, da kuma haƙurin sauraron tsoho ya yi kwana ya dawo. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana iya riƙe bakin zaren na kudu, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta riƙe tsakiya, ta Agadas ta riƙe na dutse. Harshe ɗaya ake yi a mafi yawan hanyar, wanda ko mutanen Alps ba su sami wannan sauƙi ba.

Akwai wani ƙorafi na biyu da ake ji a bakin wasu, cewa duwatsu da kufai wuraren tsafi ne, kuma raya su raya jahiliyya ne. Gaskiya ne an yi bauta a Dala zamanin Barbushe, an kuma yi a Kwatarkwashi. Amma sanin wuri daban, bauta masa daban. Malaman jihadi da kansu matafiya ne. Shehu Usmanu ya je Agadas wajen malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, kuma da ɗansa Bello bai damu da sanin ƙasashe da hanyoyinsu ba, da bai buɗe littafinsa da bayaninsu ba. Wanda ya tsaya a kangon Alƙalawa ya ga abin da ya rage na birnin da sarakuna suka yi ta jin tsoronsa, wa'azi zai samu, ba shirka ba.

Haka nan bai kamata a ɗauki abin a matsayin tarkon kama kuɗin baƙi ba. Wannan ita ce kurar da ta ci yawon Azbin: an gina shi bisa Bature, da Bature ya ji tsoro ya daina zuwa sai 'yan jagora suka koma zaman kashe wando. Hanyoyin Suwizalan kuwa 'yan ƙasa ne suka fi taka su, yara 'yan makaranta da tsofaffi, shi ya sa ba su mutu ba ko a shekarun yaƙi. Idan turbar Gobir za ta rayu, Gobirawa da maƙwabtansu ne za su raya ta, baƙo ya zo daga baya in ya ga dama.

Ba lalle ne a fara da Bagazam ba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma ganin farko yana kusa. Daga Sabon Birni zuwa kangon Alƙalawa tafiya ce da ɗalibai za su yi su komo a wuni guda. Mataki na biyu shi ne bin Gulbin Maraɗi daga Sabon Birni zuwa Tsibiri, tafiyar kwana uku ko huɗu, wato a bi sawun Ɗan Halima a koma inda ya fito. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kai gero rumbu, gulbi ya janye, sanyin hunturu ya sauko. Birnin Lalle da Agadas da hawan dutsen kansa sai su biyo baya, kowane zango da shekararsa. Alamar hanya ba sai an yi odar allo daga Turai ba, farar ƙasa a gindin kuka ta wadatar, in dai akwai littafin da ya faɗi sunan kukar. Littafin nan shi ne ba ya jiran sojoji su gama aikinsu, domin dattawan da za a rubuta shi daga bakinsu suna nan da ransu a wannan shekara, wasunsu a unguwannin da ɗalibi zai isa da kuɗin mashin daga ƙofar jami'a.